Abin wuyan ƙaramin kare: na nailan, na fata ko na Biothane?

Abin wuyan nailan mai maɓallin roba shi aka fi saya wa ƙananan karnuka, kuma bai yi laifi ba, muddin an san aikin da zai yi. Aikinsa shi ne ɗaukar 'yar alamar da aka rubuta suna da lambar wayar mai kare. Da zarar an ɗaura masa igiya ana jan kare mai kilo 2 ko 3 da shi, to an ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Dalilin yana cikin maƙogwaro. Bututun iskar kare zobba ne na guringuntsi jere da juna, kuma a ƙananan karnuka irin su Yorkshire Terrier, Pomeranian, Chihuahua da ƙaramin Poodle waɗannan zobba kan yi laushi har bututun ya lotse. Alamar ita ce busasshen tari mai ƙara kamar kukan agwagwa, musamman idan kare ya yi zumuɗi ko aka ja shi ta wuya. Masu gajeren hanci kamar Pug da Shih Tzu kuwa dama numfashinsu da ƙyar ne, ga idanu a waje, kuma matse wuya yana ƙara matsi a cikin ido. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa igiyar yawo ta tafi kan ɗamarar ƙirji. Da wannan ma'auni za a duba kowane abin wuya: ya yi sauƙi, ya zauna daidai, kada ya ci fata.

Awo ne farko. A ɗauki tef irin na tela a zagaya wuyan a inda abin zai zauna, a taɓa fata, ba saman gashi ba, domin Pomeranian rabin kaurin wuyansa gashi ne. A ƙara kamar santimita 2 a kan abin da aka samu. Bayan an ɗaura, yatsu biyu su shiga tsakanin abin wuyan da fata, a kare ɗan mitsitsi ma yatsa ɗaya ya isa. Sai gwaji na biyu da mutane ke mantawa: a ja shi a hankali zuwa sama ta wajen kunnuwa. In ya zare ta kai, ya yi yawa. Faɗinsa kuma ya tsaya tsakanin santimita 1 zuwa 1.5. Wanda ya fi haka siranta yana nutsewa cikin fata, wanda ya fi faɗi yana hana kare sunkuyar da kai yadda yake so.

Na nailan ya ci maki a rashin nauyi, ga launuka iri-iri, ga shi ana ƙara shi ana rage shi ba tare da huda ba, abin da ya sa ya dace da ɗan kwikwiyon da ke girma. Aibinsa uku ne. Yana shan ruwa ya riƙe danshi, danshin kuma ya kawo wari da ƙaiƙayi. Gefensa, in saƙar mai kaushi ce, yana cinye gashin wuya har a ga layi fayau. Sannan 'yar robar da ake daidaita tsawo da ita tana zamewa a hankali, sai abin da aka ɗaura daidai ya saki bayan 'yan makonni ba wanda ya lura. Mai shimfiɗar laushi a ciki yana rage cin fata, amma ya fi jinkirin bushewa. Kafin a saya a murza gefen a bayan hannu. In ya karce ka, zai karce shi.

Maɓallin robar ma a duba shi da kyau. A danna a ji ya ce ƙas, a fizge shi da hannu biyu. Roba mai arha tana tsagewa idan ta sha rana ko kare ya tauna ta. Akwai wani maɓalli da aka ƙera musamman ya ɓalle da kansa idan abin wuyan ya maƙale a shinge ko a haƙorin wani kare lokacin wasa. Don zaman gida babu kamarsa, amma kada a amince masa da igiya sai in irin mai zobba biyu ne da ake haɗa su a kama tare.

Na fata ya fi kyan gani, kuma yana ƙara laushi da tsufa. Ga kare mai dogon gashi kamar Maltese, wanda aka naɗe fatar ta zama mulmulalliya ya fi, don ba ya cukurkuɗa gashi kamar mai faɗi. Sai dai siririnsa yana tara matsi wuri ɗaya, saboda haka shi ma na ɗaukar alama ne kawai. Fata ba ta son ruwa: in ta jiƙe ta bushe sau da yawa sai ta ƙandare ta fara tsagewa a bakin huji. Kan ƙarfen da ke jikinta kuma yakan yi wa ƙaramin wuya nauyi, ya riƙa juyowa ƙasan haɓa.

Biothane shi ne zare mai ƙarfi da aka lulluɓe da roba. Ba ya shan ruwa, ba ya riƙe wari, tsumma mai danshi ya isa wanke shi. Ga karen da ke yawan shiga ruwa ko taɓo, shi ya fi sauran biyun. Ƙorafin da ake yi a kansa shi ne sabonsa yana da ɗan tauri, kuma galibi da kan ƙarfe mai huji yake zuwa, don haka awon sai ya faɗa daidai kan huji.

A kowannensu a duba zoben ƙarfen da ake rataye alama ko igiya a jikinsa: a ga an yi masa walda, ba lanƙwasa shi kawai aka yi ba, don mara walda yana buɗewa. Idan fatar da ke ƙarƙashin ƙarfen ta yi ja, wataƙila karen ba ya jituwa da sinadarin nikel, sai a koma wa ƙarfe mara tsatsa.

Batun ado kuwa, launi da zane ba sa cutar da kowa, zare mai ƙyalli da dare ma amfani ne. Duwatsun da aka manna da gam su ne matsala, suna ɓallewa kare ya haɗiye. Ƙararrawa da tarin alamomi nauyi ne na banza. Alama ɗaya ta alminiyam ta wadatar, ko a saƙa lambar wayar a jikin abin wuyan. Sarƙar shaƙewa da mai ƙayoyin ƙarfe ba su da gurbi a wuyan ƙaramin kare ko kaɗan.

A cire abin wuyan duk lokacin da za a sa kare a keji, domin alama na iya maƙalewa a tsakanin ƙarafa. Ɗan kwikwiyo kuma a sake gwada masa yatsu kowane mako har ya daina girma.