WhatsApp Business ya rage min hayaniya, amma na sha kunya

Saura kwana tara Ƙaramar Sallah na yi asarar cinikin da har yau yake min ciwo. Wata hajiya daga Damagaram ta turo shaidar biyan kuɗin atamfa turmi 12, saƙonta ya nutse a ƙarƙashin "nawa ne?" da "akwai wata kala?" da gaisuwar Juma'a ta zauren 'yan ajinmu. Ban gani ba sai bayan kwana uku, motar da za ta kai mata kaya ta riga ta tashi. Na mayar mata da kuɗinta, ta karɓa, ba ta sake neman lambata ba.

Haushin wannan ya sa na koma WhatsApp Business. Tun 2018 aka fito da shi, ni kuwa ina ta jan ƙafa, ina ganin na masu manyan shaguna ne a Kwari. Abin da ya fi burge ni alamomin nan masu launi: wadda ta biya kore, mai bashi ja, mai tambayar farashi kawai rawaya. Da safe kore nake fara buɗewa, sauran su jira in sha shayi. Lambar akawu ma na daina rubutawa sau talatin a rana, in danna / ta fito da kanta.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba, yaron da na biya ya saita min ya cuce ni. Akwai saƙon maraba da ke fita da kansa ga wanda ya fara yi miki magana, ko wanda ya kwana 14 bai yi ba. Ashe ana iya ware masu karɓa, shi ya bar shi a kan kowa. Surukina, Baba Alhaji da kansa, ya turo ta'aziyyar ƙanwar mahaifiyata, sai ga amsa: "Barka da zuwa, ga sababbin kayanmu." Wayyo Allah! Sai da na je gida na durƙusa na yi bayani.

Kuma launi ba ya sauraren saƙon murya. Matar da za ta yi minti huɗu tana gaishe ni da yara da gajiya kafin ta ce leshi take so, tana nan daram. Jiya guda 11 na saurara, biyu ne suka saya.