Durbi-ta-Kusheyi ko dam ɗin Zobe? Ga tawa

Wa alaikumus salam malam. Tsakanin Durbi-ta-Kusheyi da dam ɗin Zobe da kake tambayar wanne za ka kai iyali yawon buɗe ido daga Katsina, ga yara ga uwargida ga yini ɗaya tal, ni dai Durbi zan ce maka, ba sai ka tsaya wani dogon tunani ba. Masu ce maka Zobe, yawancinsu hoton ruwa suka gani a Facebook ya burge su.

Zobe ruwa ne. Ruwa mai yawa kam ba musu, gulbin Karaduwa aka tare, an gama aikin a 1983 zamanin Shagari, in ka tsaya bakinsa sai ka ga kamar ba Katsina kake ba. To amma bayan kun kalla kun yi hoto, sai me? Minti talatin yara sun fara tambayar yaushe za a tafi gida, rana ta buɗe, kai kuma idonka na kansu kar wani ya zurma. Kuɗin shatar motar da na biya zuwa wurin har yau in na tuna sai na ja tsaki. Kifi dai akwai, tarwaɗa da karfasa ɗanyu daga hannun masunta, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Sannan ga babbar magana wadda kowa ya sani, yankin Dutsin-Ma inda dam ɗin yake da Safana da Ɗanmusa sun sha fama da 'yan bindiga saboda kusancinsu da dajin Rugu, ko an ce an samu sauƙi ba inda zan ce wa mutum ya kwashi mata da yara ya tafi yawon buɗe ido ba ne.

Durbi kuwa ƙauye ne a ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, wato ɓangaren Daura, inda hankali ya fi kwanciya. Nan ne tsohuwar mazaunar Durɓawa, sarakunan Katsina na farko tun kafin a san da birnin da muke ciki yanzu, kuma nan kusheyinsu suke. Har gobe Durbin Katsina shi ne hakimin Mani, yana kuma cikin masu zaɓen sarki.

Amma tun yanzu in faɗa maka, kar ka tafi da tunanin za ka ga wani gini ko ƙubba. Tuddai ne na ƙasa a cikin gonaki da manyan kukoki, in ba a nuna maka ba sai ka wuce ka ce ai tudu ne kawai. Daɗin wurin a bakin mutanen garin yake. Lokacin da muka je da kaka ne, an yanke gero an ɗaɗɗaure, muka fara sauka ƙofar gidan mai gari muka kwashi gaisuwa muka faɗi abin da ya kawo mu, shi ne ya sa aka kira wani dattijo ya raka mu. Tsohon nan sandarsa a kafaɗa ya rataya hannuwa a kai, yana gaba muna binsa ta cikin karare, yana zayyano sunayen sarakunan da ka ba gargada, Kumayau, Ramba-ramba, Batare-tare, Jarnanata, har zuwa Sanau, da ya zo kan Sanau sai ya ja ya tsaya ya dafa sandar, ya ba yarana labarin kokawarsa da Korau mutumin 'Yandoto, yadda aka haɗa baki da matar Sanau ta sace masa layarsa, Korau ya kada shi ya yanka shi ya haye sarauta. Babban ɗana ya karanta wannan a makaranta bai riƙe ko ɗaya ba, amma tun daga ranar in ka ce Katsina ta Korau shi zai ƙarasa maka labarin, har da wuƙar nan Gajere da take cikin kayan sarautar Katsina.

Kuma ba labarin baka kaɗai ba ne. Bature Palmer ya haƙa wasu daga cikin tuddan a 1907 zamanin Sarki Dikko, aka sake haƙa wasu a 1992 tare da masana daga Jamus. Abin da aka tarar a ciki shi ne abin mamaki, kayan ado na zinariya, awarwaron hauren giwa, wuri, da tasoshin tagulla waɗanda ba aikin ƙasar nan ba ne, ta hamada aka kawo su daga ƙasashen Larabawa. Masana sun ce kusheyin na tsakanin ƙarni na 13 ne zuwa na 16. Ka duba fa, wurin da yau amalanken shanu ke wucewa da damman gero, shekara ɗari biyar ɗari shida da suka wuce masu mulkinsa da kayan Gabas suke ado. Kayan ba sa ƙauyen, suna hannun hukumar gidajen tarihi, don haka in ka samu wata rana ka kai yaran gidan tarihin da ke cikin birni, tsohuwar Kwalejin Katsina inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, sai su haɗa abin da suka ji da abin da za su gani.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba tarihin ba ne. Muna dawowa daga wurin kusheyin muka tarar an shimfiɗa mana tabarma gindin dalbejiya, sai ga yarinya da ƙwarya an rufe da faifai, hura ce damammiya da nonon da aka tatsa a garin, ga ludayin duma, ga ɗanyar gyaɗa da aka tuge ranar an dafa da ɗan gishiri. Ba wanda ya san mu a garin fa. Uwargida aka ja ta cikin gida, sai da muka yi ta aike kafin ta fito, ta tarar ana sussuka ta karɓi taɓarya wai ita ma za ta gwada, matan suna ta yi mata dariya. Ƙaramar 'yata ranar ta fara ganin rumbu da idonta, ta tsaya tana tambayar wa ke kwana a ɗakin da ba ƙofa. Da za mu tafi na miƙa wa dattijon nan kuɗi ya ce Allah ya kiyaye, baƙon mai gari ne mu, sai da na ce na goro ne sannan ya karɓa. Don haka kar ka je hannu rabbana, ka riƙe goro da sabulu da sukari da ɗan alewar yara, abin kunya ne a karrama ka ka tashi ka kaɗe riga kawai.

Hanya kuwa, ka bi titin Daura, in ka kai Mashi ka karya Mani, a can ka tambaya kowa ya san Durbi. In an bar kwalta akwai yashi. Tsohuwar Golf ɗina ta shiga ta fita, wuri ɗaya ta kafe samarin garin suka tura mu ana ta raha, amma in motarka irin mai jan ciki a ƙasa ce gara ka ajiye ta Mani ku nemi wata. Da damina ban ba ka shawara ba. Daga an yanke gero zuwa farkon sanyi shi ne lokacinsa, kafin hazo ya rufe ko'ina.

In kun fito da wuri, kafin azahar kun gama da Durbi, sai ku koma titi ku bi ta Shargalle ku ƙarasa Daura, dama tsakanin Katsina da Daura duka wajen kilomita 80 ne. Ku yi salla can, ku shiga rijiyar Kusugu yara su ja guga da hannunsu su sha, a ba su labarin Bayajidda da macijin da ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ka ga yini ɗaya sun ga tushen Katsina sun ga tushen Hausa. Wani zai ce maka ka ƙarasa kasuwar Mai'adua tunda ran Lahadi take ci, gaskiya kasuwa ce ta gani da ido musamman kara, shanu da raƙuma daga Nijar, amma cinkoson tireloli da ƙura ba na yara ba ne, wannan ka bari sai ranar da kake kai kaɗai.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Duk wanda ya tare ka da wata tsohuwar tukunya ko tsakiya ko ɗan zobe mai tsatsa ya rage murya ya ce daga kabarin sarakuna aka tono, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa ka wuce. Yawanci sabon abu ne aka binne a ƙasa ya kwana biyu aka turara shi da hayaƙi, in ma na gaskiyar ne doka ta hana saye da sayar da kayan tarihi, kai za ka kwana a ciki. Mutanen garin ba ruwansu da wannan, 'yan bakin hanya ne masu ganin baƙuwar lamba a mota. Haka masu zuma a jarka a bakin titi, da yawa sukari ne aka dafa aka ɗan ɗiga zuma a sama don ƙamshi, in ba da saƙarta ka gani ba ko wani ɗan gari ya kai ka wurin mai amya, bar musu kayansu. Man shanu ka sayi ɗanye ka soya a gida. Nono kuma in ka ga ya yi kauri fiye da kima ga wani tsami-tsami, kuka aka kaɗa a ciki. Ruwan Kusugu a gora da wani zai tallata maka a tasha, wa ya ga lokacin da aka ɗebo? Ga rijiyar nan za ka je da ƙafarka. In kuma shata za ka ɗauka, ku yanke magana tun a tasha gaban shaida, zuwa da dawowa da jira da kuɗin mai, don wasu sai an shiga daji ne suke tuna cewa mai ya yi tsada.

Ko ɓangaren Daurar ne dai ka kira wani ɗan Mani ko Mashi daren da za ku tafi ka ji lafiyar hanya, ku fito bayan asuba, magariba ta yi muku a gida. Ka cika tanki tun daga birni, ku riƙe ruwan sha da yawa. Yara kuma a sa musu takalmi sau-ciki da dogon wando, da kaka ƙarangiya ta cika gonakin nan, mai silifas kuka zai yi ta yi tun kafin a kai tudun farko.