Jirgin kogi ko jirgin teku: amsa ga mai son sayen jirgin shaƙatawa a Ingila

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Reading, ka tara abin da zai saya maka jirgin ruwa mai inji na hannu, irin mai ɗaki da wurin kwana, tsawonsa kamar mita 9, kuma jirage biyu sun tsaya maka a rai: ɗaya na kogi mai ƙaramin inji guda, ɗayan kuma mai manyan injuna biyu wanda aka ƙera don gudu a teku. Burinka shi ne ka riƙa fita da iyali a Kogin Thames a ƙarshen mako, idan lokacin zafi ya zo kuma ka leƙa gaɓar teku. Ni dai na kogin nake ba ka shawara, kuma zan jera maka su biyun gefe da gefe don ka ga dalili da idonka.

Bambancin farko yana ƙasan jirgin, wurin da mai saye bai cika dubawa ba. Jirgin kogi yana tafiya ne a cikin ruwa, yana ture shi da ƙirjinsa kamar yadda kwalekwalen Yawuri yake yi, kuma irin wannan ƙira tana da iyakar gudu wadda tsawon jirgin ne yake yanke ta. Mai tsawon mita 9 ba zai wuce kamar kilomita 13 zuwa 14 a awa ba, ko da an ninka masa ƙarfin inji, sai dai ya ƙara tayar da ruwa a bayansa ya ƙara shan mai. Shi kuwa na tekun an shimfiɗe ƙasansa ta yadda idan aka ba shi wuta zai ɗaga goshinsa ya hau kan ruwa yana sulɓewa, ya yi kilomita 40 a awa ko fiye. A nan ne matsalar take, domin dokar gudu a sashen Thames da kake zaune kilomita 8 ce a awa. Wannan gudun shi ne daidai numfashin jirgin kogi, yana tafiya a miƙe ba tare da ka wahala da sitiyari ba. Na tekun kuwa a irin wannan tafiyar hawainiya bai hau ruwa ba kuma bai zauna a ciki sosai ba, sai ya riƙa karkata dama da hagu, iska tana tura dogon jikinsa, kai kuma kana ta gyara masa hanya tun safe har yamma.

Injunan ma ba sa jin daɗin hakan. Babban injin dizal an yi shi ne don ya yi zafi a ƙarƙashin kaya mai nauyi, kuma idan ya yi watanni yana aiki a ƙasa-ƙasa, man ba ya ƙonewa sosai, cikin silinda yana yin santsi, hayaƙi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Game da shan mai, akwai lissafin da masu jirage suke amfani da shi: injin dizal yana shan kusan kashi ɗaya cikin biyar na lita a awa kan kowane ƙarfin doki da ake amfani da shi. Jirgin kogi da yake buƙatar doki 10 don ya yi gudun da doka ta yarda zai sha kamar lita 2 a awa. Mai injuna biyu na doki 300 kowanne, idan yana sulɓewa a teku da kashi 70 cikin 100 na ƙarfinsa, zai sha sama da lita 80 a awa ɗaya. Man da zai ishi na farko wata guda na fita, na biyun zai shanye shi kafin a yi azahar. Kuma komai na gyara sau biyu ne, daga tacen mai har zuwa farfela. Idan ƙafar injin irin mai fitowa ta bayan jirgi ce, akwai robar da take tare ruwa a mahaɗarta wadda ake sauyawa kamar duk bayan shekara biyu, kuma sakaci da ita yana iya nutsar da jirgi a inda yake ɗaure.

Sai tsayi. Kogi yana da gadoji, teku ba shi da su. Gadar Osney da ke Oxford tsayinta daga ruwa bai kai mita 2 da rabi ba, don haka jirgin teku mai bene ba zai taɓa ganin sashen kogin da ke sama da ita ba, wanda a wurina shi ne mafi natsuwa har zuwa Lechlade.

Wajen sarrafawa kuwa, dole in yi wa mai injuna biyu adalci, domin a nan ya fi. Jirgi ba shi da birki, kuma da bayansa yake juyawa ba da goshinsa ba, abin da yake rikita duk wanda ya saba da mota. Mai inji ɗaya idan ka sa shi a ribas, farfelarsa tana jan bayansa zuwa gefe guda, a jirage da yawa hagu ne, kuma sai ka san wannan halin nasa ka mayar da shi abokin aiki kafin ka iya tsayawa a gaɓa cikin mutunci. Mai injuna biyu kuwa, ka sa ɗaya gaba ɗaya baya, sai ya juya a inda yake tsaye. Wannan yana da amfani a marina, wato tashar ɗaure jiragen shaƙatawa, mai cunkoso, haka kuma a teku idan inji ɗaya ya mutu ɗayan zai kai ka gida, muddin ba gurɓataccen mai ne ya kashe shi ba, domin sau da yawa tanki ɗaya suke sha. Amma aikin da za ka fi yi a Thames shi ne shiga lok, wato ɗakin ruwan nan mai ƙofofi gaba da baya da ake cikawa ko a rage don a ɗaga jirgi ko a sauke shi. Guda 44 ne a kogin daga sama har Teddington, unguwar da ke yammacin Landan. A ciki ana kashe inji, a riƙe jirgi da igiya gaba da baya, kuma abin da zai taimake ka a nan shi ne jirgi maras tsayi mai faɗin gefe wanda maiɗakinka ko babban ɗanka zai iya takawa ya jefa igiya ba tare da fargaba ba. Jiragen teku da yawa gefensu siriri ne kuma mai gangara, ba a yi shi don wannan zirga-zirgar ba.

Yanzu mu juya lamarin, mu kai jirgin kogi teku, domin a nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Tun 1998 jiragen shaƙatawa da ake sayarwa sababbi a Turai suna ɗauke da alamar rukuni a jikinsu, daga A zuwa D. Rukunin D na ruwa ne mai kariya, iskar da ba ta wuce mataki na 4 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort ba da igiyar ruwan da ba ta kai rabin mita ba. Rukunin C yana ɗaukar iska har mataki na 6 da igiyar ruwa mai mita 2, B kuma har mataki na 8 da mita 4. Yawancin jiragen kogi D ne ko C, kuma waɗanda suka girmi 1998, irin tsofaffin Freeman da Seamaster da suka cika Thames, ba su da alamar ma. Tagoginsu manya ne, bayansu a buɗe yake kusa da ruwa, injinsu ƙarami. A ƙasa da Teddington kogin yana cika yana janyewa sau biyu a yini tare da teku, bambancin yana kai wa mita 7 a tsakiyar Landan, kuma ruwan yana gudu da ƙarfin da zai cinye rabin gudun ƙaramin jirgi idan ya fuskance shi. A bakin kogin kuma, idan iska ta taso tana gaba da tafiyar ruwa, igiyoyin suna zama gajeru masu tsini, kuma jirgin da ba shi da gudun tserewa kafin yanayi ya ɓaci sai ya tsaya ya sha duka. Jirgin teku a kogi aljihunka kawai zai cutar, amma jirgin kogi a teku rayukan iyalinka ne a ciki, kuma waɗannan asarori biyu ba a auna su da mudu ɗaya.

Za ka ce to ai wannan hujja ce ta sayen na tekun, tunda shi yana iya shiga ruwan biyu. Ka duba nisan tukuna. Daga Reading zuwa Teddington kusan kilomita 90 ne da lok sama da 20, wato kwana biyu cikakku ko uku, sannan ka jira lokacin ruwa ka ratsa Landan ka wuce shingen ambaliya na Woolwich kafin ka ji ƙanshin gishiri. Zuwa da dawowa sun cinye mako guda. Mai aiki da yara 'yan makaranta zai yi wannan tafiyar sau ɗaya a shekara idan ya dace, sauran makonnin duka kuma yana ciyar da doki 600 don ya yi tafiyar da doki 10 suke yi.

Takardu ma sun bambanta, kuma abin da yake ba mutane mamaki shi ne kogin ya fi tsauri. A Thames sai ka yi rajista da hukumar muhalli ta Environment Agency kowace shekara, ka nuna inshora, ka kuma nuna takardar binciken lafiyar jirgi ta Boat Safety Scheme wadda ake sabuntawa duk shekara 4, kuma tun 2019 tana buƙatar na'urar gargaɗin iskar kabon mai guba a ɗakin jirgi. A teku kuwa dokar Birtaniya ba ta neman lasisin tuƙi daga mai ƙaramin jirgin kansa. Kada wannan sassaucin ya ruɗe ka, domin can ne ake buƙatar ilimi: karanta taswirar ruwa, lissafin cika da janyewa, gane alamun ja da kore na mashigar tasha, dokokin kauce wa karo na 1972, da amfani da rediyon jirgi, wanda shi kam yana da jarrabawa da lasisinsa, kuma tasha ta 16 ce ta neman agaji. Gishiri kuma yana da nasa haraji. Dunƙulen ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙasan jirgi don tsatsa ta ci shi a maimakon farfela, na tutiya ne a teku, na maganiziyam a ruwan daɗi, mai yawo tsakanin biyun kuma yakan sa na alminiyam.

Akwai ƙira ta tsakiya, irin wadda kamfanin Broom na Norfolk ya yi suna da ita, mai ƙashin baya a ƙasa da yake riƙe ta a miƙe a kogi, da ƙarfin da zai kai ta teku, da abin da ke samanta mai kwantawa don gada. Idan bayan shekara biyu ko uku zuciyarka tana nan a kan teku, ita za ka nema, ko kuma ka ajiye jirginka a gaɓar kudu ka riƙa zuwa da mota.

Kafin ka biya ko sisi, ka ɗauki hayar jirgi na mako guda a Thames tare da iyali, ka yi kwas ɗin kwana biyu na tuƙi da RYA, ƙungiyar masu jiragen shaƙatawa ta Birtaniya, take bayarwa, kuma ka saya wa kowa rigar ceto daidai jikinsa, musamman yara. Wanda ka zaɓa kuma a fito da shi daga ruwa, mai bincike wanda kai ka biya shi ya auna danshin jikin faibar ya duba injin, kuma ka nemi a tayar maka da injin yana sanyi, ba bayan an ɗumama shi kafin ka iso ba. Idan na fetur ne a maimakon dizal, ka sani cewa tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan jirgi, kuma wuraren sayar da shi a bakin kogi kaɗan ne.