Ubuntu Server 24.04 a ƙananan ofisoshin Abuja: sudo yana da kirki, amma ba ya bayani

Ƙananan ofisoshi a Wuse da Garki da ke ɗora saba (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ta cikin gida za su ji daɗin Ubuntu Server 24.04. Kyauta ce, ta fito a Afrilun 2024, kuma za a ci gaba da kula da ita har 2029. Inda take wahalar da masu kula da kwamfuta shi ne wajen hawa asusun root, wato mai cikakken iko.

Ubuntu tana zuwa da asusun root a kulle, sai dai a bi ta sudo, umarnin da ke ara maka ikon root. Shi kuwa sudo, saboda layin env_reset da ke cikin fayil ɗin saitunansa, /etc/sudoers, yana zubar da kusan duk saitunan da shel ɗinka (manhajar da ke karɓar umarnin da kake rubutawa) ke riƙe da su, irin JAVA_HOME da http_proxy, sannan ya maye gurbin PATH ɗinka, wato jerin foldojin da ake neman umarni a ciki, da nasa na secure_path. Shi ya sa wanda ya saka manhajar Node ta nvm (kayan aikin saka Node a foldar mai amfani) zai ga node yana aiki lafiya lau, amma da ya rubuta sudo node sai a ce babu shi. Yana nan cikin ~/.nvm, sudo ne kawai ba ya leƙa can. Tsarin daidai ne ta fuskar tsaro, don kada wani fayil da aka jefa cikin foldarka ya samu ikon root. Laifinsa ɗaya: saƙon kuskuren ba ya ko nuna hanya.

Kada a gwada da sudo echo $PATH, zai yaudare ka, domin shel ɗinka ne ke cike gurbin tun kafin sudo ya tashi. A rubuta sudo printenv PATH, a kwatanta da printenv PATH. Don aikin lokaci ɗaya, sudo env "PATH=$PATH" node ya wadatar. sudo -E yana riƙe sauran saitunan, amma ban da PATH, secure_path ne ke rinjaye.

Ofishin da intanet ɗinsa ke bi ta proxy (saba mai shiga tsakani), apt, mai saka manhajoji, zai tsaya cak, domin sudo ya zubar da http_proxy. A buɗe sudo visudo -f /etc/sudoers.d/proxy a rubuta Defaults env_keep += "http_proxy https_proxy no_proxy". Sunan fayil ɗin kada ya ɗauki ɗigo. Aka sa masa proxy.conf, sudo zai tsallake shi shiru. Kuma visudo ne dole, don yana duba rubutun kafin ya adana. Kuskure ɗaya a sudoers yana iya kulle ka waje, alhali root a kulle yake, ba shi da kalmar sirrin da za ka shiga da ita.

Mai dogon aiki ya shiga da sudo -i, wanda ke karanta saitunan root a /root/.profile, ba sudo -s ba. Waɗanda suka taso daga Debian sun san irin wannan tun fitowa ta 10 a 2019, inda umarnin su na komawa root, in babu karan nan nasa (-), ke barin mutum ba /usr/sbin a PATH, sai ya koma su -.