Sharhi: Taswirar aljihu ta jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan

Kyauta ake ɗaukarta a tashoshi, 'yar takarda ce mai naɗi da ke shiga aljihun riga. Tsarin mai zane Harry Beck ne da aka fara rabawa a 1933: layi ko dai ya tafi a kwance, ko a tsaye, ko a karkace da digiri 45. Kowanne da launinsa, an buɗa tsakiyar birni, an matse unguwannin waje. Ɗan tsinke a jikin layi tasha ce kawai, farar da'ira mai baƙin gefe kuwa wurin canza jirgi ne.

Wajen nuna inda za a canza, ba ta da na biyu. Ka nemo tashar da kake da wadda za ka, ka bi launi har da'irar da layukan biyu suka haɗu, sannan ka riƙe sunan tashar ƙarshe ta layin. Wannan sunan shi ke jikin allon dandamali da goshin jirgi. A nan baƙi suka fi ɓata, don wasu layukan na rabuwa biyu. Piccadilly mai launin shuɗi yana rabuwa a Acton Town, reshe ɗaya ya nufi Heathrow, ɗaya Uxbridge. Layin Northern mai launin baƙi ya fi rikici, domin tsakanin Camden Town da Kennington wani jirgin ta Bank yake bi, wani ta Charing Cross. Layin Circle ma tun 2009 ya daina zagaye cikakke, sau da yawa sai an sauka a Edgware Road an canza.

Babban aibinta shi ne ba ta san nisa ba. Tsakanin Leicester Square da Covent Garden bai kai mita 300 ba, kafin ka sauka ƙasa ka jira jirgi, mai tafiya da ƙafa ya isa. Bayswater da Queensway kuwa a titi ɗaya suke, amma a takarda sai ka ɗauka dole a canza jirgi. A Bank da Monument akasin haka ne: an haɗe su kamar tasha ɗaya, alhali akwai doguwar tafiya ta cikin rami da matakala, wadda mai jan akwati zai ji a jikinsa.

Mai keken guragu ko keken jariri ya lura da launin alamar keke. Shuɗiya tana nufin babu matakala daga titi har cikin jirgi, fara kuwa iyakarta dandamali.

Ta cika maƙil yanzu. Bayan layukan ƙarƙashin ƙasa 11 da tashoshinsu 272, an cusa wasu layukan jiragen ƙasa: DLR, Thameslink, layin Elizabeth da aka buɗe a 2022, da Overground da aka raba gida shida masu sunaye a 2024. Amfaninsa dai mai zuwa cefane unguwar Peckham zai ga tashar Peckham Rye a layin Windrush na Overground, amma rubutun ya yi ƙanƙanta, kuma inuwar shiyyoyin kuɗin jirgi, 1 zuwa 9, tana ɓacewa a bayansa. Ba ta kuma nuna rufe layi na ƙarshen mako, wannan ana ganinsa a manhajar TfL Go ta hukumar sufurin Landan, a duba tun kafin a sauka ƙasa.