Wasiƙa daga Talin: ofisoshin da ke jin maganar juna

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa, ya Inna da yara, ya aikin fadama? Kun ce in ba ku labarin zamana a Talin, babban birnin ƙasar Estoniya. Shinkafarsu duk shigo da ita ake yi, ko kusa ba ta kamo ta Argungu ba. Amma a aikin gwamnati, gaskiya sun yi mana nisa.

Ƙasar ƙarama ce, mutum miliyan 1.3 da 'yan kai, ba su kai rabin jama'ar Kebbi ba. Kowa na da lamba ɗaya mai alƙaluma 11, kamar NIN ɗinmu. Tun 2001 suka kafa wata hanyar intanet, X-Road, wadda ofisoshi ke miƙa wa juna bayani ta cikinta, kuma ƙa'idarsu ita ce abin da ka taɓa ba gwamnati ba a sake tambayarka. Da likita ya rubuta mini magani, ko guntun takarda ban riƙo ba. Katin shaidata na miƙa a kantin magani, mai sayarwa ta duba kwamfuta ta ɗauko. Fom ɗin haraji kuwa a cike na same shi, dubawa kawai na yi na amince.

Ga abin da nake so ku duba, Kawu, tunda rajista ce aikinku a ƙaramar hukuma. Na'ura kaɗai ba ta yin wannan. Sai hukumomi sun daidaita kan abin da kowane gurbi a fom ke nufi, wane ne mazauni, me ake kira adireshi, yaya ɗa yake rataye da iyayensa a rajista, sannan a rubuta shi yadda kwamfuta za ta gane. Masana na ce wa wannan ontoloji, ana rubuta shi da harsunan kwamfuta irin su RDF da OWL. Tarayyar Turai ma ta fitar da ƙamus na bai ɗaya don bayanin mutum, kamfani da wuri.

Mu kuwa ga NIN, ga BVN tun 2014, ga katin zaɓe, ga lasisin tuƙi, kowanne da layinsa da dangwala yatsunsa. Mutum ɗaya, nan Muhammadu, can Mohammed. A gurbin suna na ƙarshe wani ya sa uba, wani kaka, wani Jega ko Kamba. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba a liƙa masa 1 ga Janairu. Kun dai ga yadda Baba Ƙarami ya sha zirga-zirgar neman takardar rantsuwa, da ciwon ƙafarsa, kafin fanshonsa ya fito, a kan harafi biyu kacal. Abin yana ci mini rai har yau.

Don Allah ku kai shawara wurin shugabanku: a ware gurbin sunan yanka, na uba, na kaka da na garin asali, a adireshi kuma a sa gunduma da unguwa, kowane ofishi ya bi tsari ɗaya. Idan kun amince, zan tsara samfurin fom ɗin in turo muku ta WhatsApp.

Ɗanku.