Yini ɗaya a tsohon garin Talin: da ƙafa, da bas, ko da keke?

Duk wanda ya sauka Talin, babban birnin Estoniya, da yini ɗaya tak a hannunsa, shawarata ita ce ya sa takalmi mai kaurin ƙasa ya taka da ƙafarsa. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, ƙarami ne, lungu ne a kan lungu, daɓen dutse ko'ina.

Ka shiga ta ƙofar Viru da sassafe, kafin jiragen ruwa su juye baƙi. Minti kaɗan ka isa dandalin Raekoja, inda ginin majalisar gari yake tsaye tun 1404. A gefe akwai Raeapteek, kantin magani da ake ciniki a cikinsa tun 1422, har yau kana iya shiga ka sayi maganin mura. Daga nan ka bi hawan Pikk jalg, wato "doguwar ƙafa", zuwa tudun Toompea, inda majalisar dokoki ke fuskantar cocin Alexander Nevsky da aka gama a 1900. A dandalin Kohtuotsa na daɗe tsaye ina kallon jajayen rufin gidaje, da hasumiyar cocin Oleviste, da teku can baya, ba a karɓi ko sisi ba. In kana son mai ba ka tarihi, akwai 'yan jagora da ake bi a ƙafa, a ƙarshe ka ba su abin da ya sawwaƙa.

Bas ɗin yawon buɗe ido bayan ganuwa yake zagayawa, lungunan ba sa ɗaukarsa. Tallinn Card kuwa, katin da baƙi ke saya su shiga wurare ba tare da sake biya ba, sai mai niyyar shiga gidajen tarihi da yawa, yini ɗaya ba ya isa a ci kuɗinsa.

Keken fasinja ne ya cuce ni. Na gaji, na hau ba mu yi ciniki ba, tafiyar da ba ta kai minti goma ba aka caje ni kuɗin abincin yini. Ka tsayar da farashi kafin ka zauna, ka tambaya na mutum ɗaya ne ko na keken duka.

Sai amba, ƙaron itacen nan da ya daskare tun shekaru miliyoyi. Kantuna cike suke da shi, alhali galibinsa daga Lituweniya da yankin Kaliningirad ake kawo shi. Na sayo wa mahaifina carbi, ashe roba ce, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na gaske ba shi da nauyi, ba shi da sanyi a tafin hannu kamar gilashi, in ka murza shi sosai yana ƙamshin ƙaro, kuma yana tasowa a ruwan gishiri mai ƙarfi. In ka ga ƙwaro kwance tsaf a tsakiyar ƙwaya, kuɗin kuma araha, ka ajiye. Ka nemi takardar shaida da rasit kafin ka zaro Yuro ko ɗaya.